Gungun da Ke Cikin Fayil

Ɗakin yana bayan tsohon ofishin En'e a Yelwa,
tagarsa ɗaya, ita ma ta daina buɗuwa.
Shekara ashirin da uku muna tsaron takardu,
ni da gara.
Ni in karanta da rana, ita ta karanta da dare,
kuma ta fi ni naci.

A nan jangali ke kwance, saniya bayan saniya.
A nan ƙarar wani jaki ta kwana shekara tamanin,
mai jakin ya rasu, jakin ya riga shi,
shaida na uku har yau ana jiran zuwansa.
Ga wasiƙun ajami, hatiminsu kamar sawun kofato a laka,
ga lissafin buhunan albasa da aka loda a jirgi,
ga rasiɗin wani da ya biya tarar sule biyu
don ya yi dariya mai unguwa na magana.

Ranar Talata bayan azahar Gwamma ta shigo,
sanda a gaba, jika a baya da ledar magani.
Ta ce, "Kai ne mai ajiyar abin da ya wuce?
Garinmu nake nema."
Na ce, "Wane gari, Inna?"
Ta ce, "Wanda kwale-kwale ke bi ta kansa yanzu.
Gungun Maɗaci.
Tun da ruwan dam ya hau, ba wanda ya ga rufinsa,
yaran nan kuma sun ce tatsuniya nake musu."

Na taka kujera, na sauko da mai ɗaurin jan zare.
Takardar ta yi fatar busasshiyar albasa,
in ka yi numfashi da ƙarfi sai ta yi ƙorafi.
Shafi na goma sha bakwai:
magidanta arba'in da ɗaya,
jiragen ruwa tara,
makafi biyu, an ɗauke musu haraji.

Na fara kiran sunaye, ita tana amsa musu.
"Wannan mai gurguwar akuya ne."
"Wannan in ya yi kiran salla har tsallake ake ji."
"Wannan ya ci bashin gishirinmu, bai biya ba,
Allah dai Ya yafe masa, ni ban tashi ba tukuna."
Jikan ya ajiye waya a aljihu.

Sai na zo inda gara ta yi kalaci:
Nom, sai rami, sai ɗan Arzika.
A gefe, da rubutun malamin haraji mai karkata,
sule shida, an biya.

Ta daɗe ba ta ce komai ba.
Can ta ce, "Nomau ne, babana.
Amma shekarar nan ciwon ƙafa ya kwantar da shi.
Uwata ce ta biya, Hakama,
ta sayar da tasoshinta uku ranar kasuwa,
ta dawo da ƙwarya a ka, babu komai ciki.
Duba, ina aka rubuta ta?"

Na duba, ko da na san amsa.
Mai ja wa littafin layi
bai bar wa mata gurbi ba.

Doka ta hana ni ɗiga tawada a tsohon shafi.
Sai na yago sabuwar takarda, na ce, "Faɗi, Inna."
Ta faɗi tasoshin ɗaya-ɗaya, har mai lotsattsen baki,
ta faɗi inda maɗacin yake, gabas da masallaci,
ta dangwala babban yatsa,
shuɗin ya bi tsagar fatarta kamar rafuka.

Da za ta fita ta tambayi ko ana biya.
Na ce an riga an biya.

Kafin in kulle, na ɗaure jan zaren,
fayil ya ƙara nauyin takarda guda.
Na ƙara kananzir a gwangwanayen ƙafar kanta,
na saurara.
Can cikin bango, abokiyar aikina ta soma duba nata shafin.